Nazarin Lamari: Ɗalibin Aji Huɗu da Aka Ɗauka Malalaci Ne

Asalin lamarin

Yaron da wannan nazari ya shafa yana da shekara 15 lokacin da abin ya faro, yana aji huɗu a wata sakandaren gwamnati da ke ƙaramar hukumar Kosofe a jihar Legas, inda nake koyar da darasin aikin gona. Na sakaya sunansa da na makarantar, kuma sai da na sami yardarsa da ta mahaifinsa kafin na ɗauki alƙalami. A Legas aka haife shi, a wani lungu da ke bayan kasuwar Mile 12, shi ne ɗan fari a cikin 'ya'ya biyar. Hausa yake yi a gida, Yarbanci da Turancin buroka a layi, Turancin boko kuma a aji, kuma duk shekaru ukun da ya yi a ƙaramar sakandare bai taɓa fita daga goman farko a ajinsu ba. Mahaifinsa mutumin wani ƙauye ne a jihar Jigawa, ya daɗe yana acaba a Legas, sana'ar da a nan ake kira okada.

A ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jihar ta haramta acaba a ƙananan hukumomi shida, daga 1 ga Satumba kuma haramcin ya haɗa da wasu huɗu, ciki har da Kosofe. Ba a yi mako uku ba aka kama babur ɗin mahaifin, alhali bai gama biyan kuɗinsa ba. Da lokacin biyan haya ya yi a watan Oktoba, sai ya sa matarsa da ƙananan yara huɗu a motar da ta sauke tumatir za ta koma Arewa, ya riƙe babban a wurinsa don kada karatunsa ya yanke. Su biyun suka koma wani ɗaki da 'yan dako shida ke kwana a ciki.

Oktoba zuwa Disamba 2022: alamun farko

Malamar ajinsu ce ta fara lura. Yaron ya shiga zuwa a makare, yana kifa kai a kan tebur tun a darasi na biyu, ya daina kawo aikin gida, kuma kullum yana kukan ciwon kai da nauyin ƙirji. Rajistar aji ta nuna ya yi fashin kwana 19 a zangon farko, a jarrabawar ƙarshen zango kuma ya zo na 41 cikin ɗalibai 58.

Makaranta ta bi da shi yadda ta saba bi da mai makara, wato durƙuso a bakin ƙofa, sharar fili da yankan ciyawa. Sau biyu aka ba shi takardar kiran iyaye da aka buga da Turanci, sau biyu takardar ta kwana a aljihunsa, domin mahaifin ba ya karatun boko, kuma yaron ya san yinin da Baba zai ɓatar a makaranta yini ne da ba za a ɗora tukunya ba. Makarar ba ta ragu ba. Fashi ne ma ya ƙaru, saboda ya gane cewa idan ya makara, gara ya ƙi zuwa gaba ɗaya.

A gida kuwa mahaifin ya kai shi kemis, aka ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, da bai ji sauƙi ba aka ba shi na taifod. Daga nan wani malamin unguwa ya yi masa rubutu da tofi na kwana bakwai. Yaron ya gaya mini daga baya cewa a waɗannan kwanaki ya ɗan ji sanyi a ransa, domin kullum akwai wani babba da zai dafa kansa ya tambaye shi yaya jiki, amma barcin dare bai dawo ba.

A tsakiyar Nuwamba aka tura shi wurin malamar ba da shawara. Wannan aiki ba baƙo ba ne a makarantun Najeriya, ana danganta farkonsa da kwalejin 'yan mata ta St. Theresa da ke Ibadan a 1959, kuma tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya amince da shi a sakandare. Tamu Bayarabiya ce mai digiri a fannin, mai haƙuri da yara, sai dai ita kaɗai ce ga ɗalibai fiye da dubu, ga kuma darasin da take koyarwa. Ofishinta yana manne da na mataimakin shugaban makaranta, inda ake kai masu laifi, don haka duk ɗalibin da aka gani ya nufi wajen, abokansa sun riga sun yanke masa hukunci. Ta ba shi takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda ke tambayar yadda mutum ya kasance a makonni biyun da suka wuce ta fuskar barci, cin abinci, kasala, jin ba shi da amfani, da tunanin mutuwa. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 27, kuma daga 10 zuwa sama ana ɗauka akwai abin dubawa. Ya cika ta da Turanci cikin minti biyu, ya sami maki 3. Duk abin da ta tambaye shi baki da baki, amsarsa ɗaya ce, lafiya lau yake. Ta rubuta a fayil cewa matsalar ta fi kama da ta gida, aka sake buga takardar kiran iyaye karo na uku.

Janairu 2023: lacca a taron safe

A farkon wannan wata ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma batun ya shiga bakin mutane. Makarantarmu ta karɓi wasu matasa 'yan sa-kai, suka yi lacca ta minti arba'in a taron safe, da lasifika, ɗalibai suna tsaye a rana. Abin da suka faɗa daidai ne. Sun kawo ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, sannan suka jera alamun ciwon damuwa: barci a aji, keɓe kai, faɗuwar maki. Ina tsaye a bayan layin aji huɗu, na ga yadda kawuna suka riƙa juyawa suna kallon yaron. Kafin a tashi ranar an laƙaba masa “Yaba Left”, sunan da mutanen Legas ke kiran asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da shi, asibitin da aka kafa tun 1907. Ya yi kwana takwas a jere bai taka makaranta ba.

Fabrairu 2023: kasuwa, da tambaya ta tara

Wata Asabar a farkon Fabrairu, lokacin da ƙarancin takardun naira ya tsananta, na shiga Mile 12 da sassafe sayen albasa. A layin da tireloli ke sauke kaya na hango shi da kwandon tumatir a ka, ruwan ruɓaɓɓen tumatir yana bin wuyansa yana gangarawa cikin riga, ƙafafunsa cikin caɓi, silifas ɗinsa ɗaya an ɗaure da leda. Da muka haɗa ido ya sunkuyar da kai. Ban tsayar da shi a gaban mutane ba. Bayan la'asar na aika aka kira mini shi teburin wani mai shayi, muka zauna a ƙarshen benci, na ce masa ba maganar makaranta ce ta kawo ni ba. Sai da shayinsa ya huce kafin ya buɗe baki.

“Malam, ba ciwon kai ba ne kaɗai. Tunani ne ya yi mini yawa.”

Tun Oktoba yake tashi ƙarfe uku na dare ya yi dako har bakwai na safe, abin da ya samu ya miƙa wa Baba a zuba a bashin babur. In ya kwanta ƙarfe goma idonsa biyu har sha biyu ta gota. Ya ce abin da ke yi masa yawo a kai shi ne, shi ne kayan da ya karya wuyan mahaifinsa, da ba don karatunsa ba da tuni Baba yana gida tare da Inna da ƙannensa.

Da izininsa na sami malamar ba da shawara ranar Litinin. Ta yarda mu haɗu bayan an tashi, a ɗakin ajiyar littattafai da ke ƙarshen gini, ita tana karanta tambayoyin nan tara, ni ina mayar da su Hausa. Fassarar baki ba ta kai takardar da masana suka tantance ba, don haka mun ɗauki makin a matsayin manuniya kawai. Ya sami 17. A tambaya ta tara ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce wani lokaci yakan ce da ma ya kwanta kada ya tashi, kowa ya huta. Ni kuwa na juya na ce mata ya ce ya gaji ƙwarai. Ta dube ni, ta ce maganarsa ta fi fassarata tsawo, in maimaita mata kalma bayan kalma. Tausayi da nauyin kalmar ne suka sa na tausasa ta, kuma da ba ta lura ba, da mun tashi daga zaman nan mun bar abin da ya fi komai muhimmanci a ƙasa. Ta tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa shirya yi wa kansa wani abu, domin irin wannan tambaya ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Ya ce a'a, haramun ne, ga kuma Inna. Ta sa ya ambaci mutum uku da zai nema idan tunanin ya yi ƙarfi, ta rubuta masa lambobin gaggawa na jihar, 112 da 767, sannan ta gaya masa a gabana cewa dole mahaifinsa ya sani cikin makon, dole kuma likita ya gan shi. Ta ba shi zaɓin wurin da za a yi maganar da wanda zai zauna.

Ƙarshen Fabrairu 2023: zama da mahaifi

Yaron ya zaɓi barandar masallacin unguwa bayan isha'i, ya kuma nemi malamin Islamiyyarsu ya zauna. Malamar ba da shawara ba ta zo ba, ta dai zayyana mini abubuwan da ba za a tashi ba sai an faɗe su. Da na ambaci sashen yara da matasa da asibitin Yaba ke da shi a Oshodi, mahaifin ya miƙe yana kaɗe riga.

“Malam, da girmanka. Ɗana ba mahaukaci ba ne.”

Malamin Islamiyya ne ya riƙo hannunsa ya zaunar da shi. Ya tuna masa Annabi Yakubu, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusuf ya taɓa masa idanu, da shekarar da Manzon Allah ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, wadda har yau ake kira Shekarar Baƙin Ciki. Ya ce damuwa ba raunin imani ba ce, addu'a za a ci gaba da yi, likita ma za a je, ɗaya ba ya hana ɗaya. Mahaifin ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce shi duk a zatonsa yaron da daɗin rai yake taimakonsa. Oshodi dai ya ƙi, amma ya amince da wani asibitin gwamnati da ke kusa. A can likita ya auna jini bai sami zazzaɓi ba, ya tabbatar ciwon damuwa ne, ya ce a fara da zaman shawara ba tare da ƙwaya ba, kamar yadda jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada ga matasa, a dawo masa da yaron bayan mako huɗu.

Maris zuwa Afrilu 2023: zama shida

Malamar ta tsara zama shida, kowace Laraba minti arba'in bayan an tashi, a ɗakin littattafan nan. Ta ɗauko tsarin ne daga hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, irin wadda masu bincike na Jami'ar Ibadan suka gwada a sakandare da zama biyar, suka wallafa a 2016 cewa ta rage alamun damuwa ga ɗaliban da suka halarta. Na yi tafinta a zama uku na farko, daga nan yaron ya ce zai iya da buroka, na janye.

Abubuwa biyu sun faɗi tun da wuri. An ba shi ɗan littafi ya riƙa rubuta lokacin kwanciya da abin da ya dame shi, wani ɗan ɗakinsu ya buɗe ya karanta a bainar jama'a, aka mayar da shi zuwa ɗigo a bayan littafin lissafi, wanda shi kaɗai ya san ma'anarsa. An kuma gwada haɗa shi da wasu ɗalibai huɗu a zaman rukuni, ya zauna har aka tashi bai ce uffan ba, ba a sake ba.

A gida an yi canje-canje uku. Dako ya koma ranar Asabar kaɗai, bayan wani dillalin tumatir ɗan garinsu ya ɗauki mahaifin aikin lodi. Yaron ya koma kwana gidan wani kawunsa mai iyali a Ketu, inda ake kashe fitila da wuri kuma akwai abincin dare. Kowace Juma'a bayan masallaci yana magana da Inna a wayar kawun. Malamar ta ƙara masa ƙwallon safiyar Lahadi, ta ce ya je ko ransa ba ya so, domin mai ciwon damuwa idan ya jira sai ya ji sha'awar abu kafin ya yi, zai daɗe yana jira.

Tunanin nan na cewa shi ne kaya a wuyan Baba shi ya fi taurin kai. Malamar ta raba takarda gida biyu, gefe ɗaya abin da ke gaskata tunanin, ɗaya gefen abin da ke ƙaryata shi. Wa ya hana acaba? Wa ya ci bashin babur, kuma yaushe? Yaron yakan amsa daidai, amma ya ce zuciyarsa ba ta yarda ba. A zama na biyar aka gayyaci mahaifin, na dawo na yi tafinta, ta tambaye shi a gaban ɗansa me ya riƙe shi a Legas. Ya ce bashin babur ne, ko da yaron ya bi uwarsa shi ba inda za shi sai ya biya, kuma ganin ɗansa da kayan makaranta da safe shi ne abu ɗaya da ke faranta masa rai a garin nan. Yaron ya rufe fuska da hula. Azumi ya kama a 23 ga Maris, tashin sahur ya ɗan dagula barci, amma buɗa-baki cikin iyalin kawu da asham sun cike gurbin. A farkon Afrilu makinsa 11, likita ya ce a ci gaba a haka. Fashinsa na zango na biyu kwana 21 ne, 17 daga ciki kafin Maris.

A wannan tsakani makaranta ta sauya salon wayar da kai. Aka bar taron safe, kowane malamin aji ya ɗauki minti ashirin a mako har mako huɗu, kuma darasin farko tambaya ce ga ɗalibai: da yarenku, me ake ce wa mutumin da zuciyarsa ta yi nauyi? Aka cika allo da kalmomin Yarbanci da Ibo da Hausa. An kuma sanar cewa kiran ɗalibi da sunan asibiti laifi ne kamar zagi.

Mayu zuwa Nuwamba 2023: koma-baya da sakamako

A tsakiyar Mayu makinsa ya sauka zuwa 6. Bayan cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu kuɗin mota da na abinci suka tashi, gab da Babbar Sallah kuma ya koma dakon asuba na mako biyu. Maki ya hau 10, ciwon kai ya dawo. A wannan karo shi da kansa ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar malamar, aka ƙara zama biyu, kawun ya ɗauki nauyin kuɗin motarsa, dako ya koma Asabar. A zango na uku ya yi fashin kwana 4, ya zo na 17 cikin 56, ya wuce aji biyar. A Nuwamba makinsa 5, kuma ya ce tunanin kada ya tashi bai sake zuwa masa ba tun azumi. Inna da ƙannensa suna Jigawa har lokacin.

Abin da na gani a lamarin

Horo da maganin kemis sun bi alama ne suka bar tushe, kuma horon ya yi ɓarna domin ya tabbatar wa yaron abin da ya riga ya yarda da shi game da kansa. Zaman farko da malamar bai faɗi don ƙarancin ƙwarewarta ba, tunda ita ɗin ce ta kama kuskurena daga baya. Harshe da wuri ne suka kayar da shi. Turancin da yaron ke da shi na cin jarrabawa ne, bai taɓa faɗin ciwon zuciyarsa da shi ba, kuma ba mai buɗe cikinsa a ɗakin da ake jin muryar mai hukunci ta bango. Maki 3 ɗin nan ya ɓatar da mu wata uku, kuma ina ganin bai kamata takarda ta rufe fayil ɗin yaron da rajista ke cewa ya yi fashin kwana 19 ba. Laccar taron safe ta koya wa ɗalibai yadda za su gane mai ciwo, ba ta koya musu yadda za su zauna da shi ba.

Ba zan iya raba amfanin zaman shawara da amfanin barci da abinci ba, kuma ban ga dalilin raba su ba. Da an sauya masa wurin kwana kaɗai, da tunanin ya bi shi Ketu, da kuma an tsaya ga zaman Laraba yana tashi ƙarfe uku, da a kan tebur zai yi zaman. Malamin Islamiyya ya buɗe ƙofar da ni da malamar ba mu da makullinta, kuma ya yi hakan ne don ba a zo masa da raina rubutu da tofi ba. Jimla ɗaya ta mahaifin a zama na biyar ta yi aikin da takarda mai gida biyu ta yi mako huɗu tana share wa hanya.

Abin da har yanzu ke damuna shi ne tafinta. Malamin da ke ba ɗalibi maki da safe bai dace ya zama mai jin sirrinsa da yamma ba, kuma na nuna da kaina yadda tausayi ke karkatar da fassara. A Satumba 2023 an mayar da ofishin malamar kusa da ɗakin karatu, kiran iyayen da ba sa karatun boko kuma ya koma saƙon murya da yarensu. A zangon nan an tura mata 'yan mata Hausawa biyu, kuma ba ɗayarsu da za ta faɗi abin da ke ranta a gaban namiji. Na roƙi wata malamar Islamiyya ta unguwar, ta amince, malamar ba da shawara ta zauna da ita sau biyu a kan riƙe sirri da faɗin magana yadda aka faɗe ta, kuma Laraba mai zuwa za ta fara.